Daga “Ya Yi Wuta” Zuwa Sharhi: Yadda Za Ka Faɗi Ra'ayinka Kan Fim ɗin Hollywood a Saurare Ka

Duk wanda ya taɓa zama a teburin mai shayi bayan an tashi daga gidan kallo ya san yadda sharhin fim yake ƙarewa a wurinmu. Wani ya ce, “Kai, fim ɗin nan ya yi wuta.” Wani ya yatsine fuska ya ce, “Shirme ne, asarar data kawai.” Na uku ya tambaya ko akta ya mutu. Daga nan sai musu, sai ɗaga murya, sai mai shayi ya fara haɗa kofuna. Kowa ya faɗi ra'ayinsa, amma babu wanda ya koma gida da abin da bai zo da shi ba.

Amma a kusan kowace majalisa akwai mutum ɗaya da idan ya buɗe baki ake yin shiru. Ba don ya fi kowa Turanci ba, ba kuma don ya fi kowa yawan kallo ba. Shi idan ya ce fim ya yi kyau, zai ce maka, “Ka tuna wurin da kaza ya faru? Ka lura da abin da aka yi a nan?” Sai ka ga kana gyaɗa kai, ko da ba ka yarda da shi ba. Abin da ya raba shi da sauran ke nan: yana iya ɗora yatsa a kan fitowa guda ya ce ga hujjata. Wannan jagorar hanya ce ta zama irin wannan mutumin, ko a baki kake sharhinka, ko a rubuce, ko a gaban kyamarar waya.

Mataki na farko: tabbatar fim ɗin ka kalla, ba inuwarsa ba

Zan fara da abin kunyar da ya same ni. Na taɓa karɓo wani sabon fim a shagon masu turi, mako ɗaya da fitowarsa a Amurka. Na kalla a waya, na zauna na rubuta cewa daraktan bai san aikin haske ba, rabin fim ɗin duhu ne, sautin kuma kamar daga cikin rijiya. Bayan wata uku na ga kwafi mai kyau a talabijin ɗin wani abokina. Ashe babu duhu ko kaɗan. Abin da na kalla wani ne ya ɓoye kyamara a cikin silima ya ɗauko, har inuwar kan wani mai fita bayan gida ta gifta a minti na arba'in, ni kuwa na ɗauka salo ne. Na yi wa darakta hukunci a kan laifin ɓarawo.

Saboda haka kafin komai, duba abin da ke hannunka. Idan hoton ya karkace, ko kana jin tarin mutane da dariyarsu, ko tallan caca yana gudu a saman allo, to ajiye alƙalami. Sannan ka duba tsawon fim ɗin ka gwada da tsawonsa na asali. Idan an ce minti 134 ne naka kuma 110, an yanke maka wani abu, kuma wataƙila abin da aka yanke shi ne zai warware maka wurin da ka ce labarin bai haɗu ba.

Sai batun fassarar Hausa. Ni ba na cikin masu raina ta. Ta shigar da fim ɗin Amurka ɗakunan da ba zai taɓa shiga ba, kuma wasu masu fassarar gwanaye ne na gaske. Sai dai mai fassara yakan ƙara gishiri. Yakan laƙaba wa jarumi suna, ya cusa barkwanci a inda asalin fim ɗin shiru ne, ya mayar da bos abin dariya alhali an gina shi ne don ya tsorata mai kallo. Na taɓa jin wani yana yabon wata magana da jarumi ya yi, na koma na asali na duba, ashe jarumin tari kawai ya yi a wurin. Idan fassara ka kalla, faɗi haka tun a layin farko. Sharhinka zai zama na fassarar ne, kuma wannan ma sharhi ne mai daraja, amma kada ka jingina wa marubucin Hollywood maganar da aka ƙirƙira a Kano.

Mataki na biyu: kallo biyu

Na farko na jin daɗi ne, kada ka riƙe biro. Abu biyu kawai za ka lura da su a jikinka: inda hannunka ya kai kan waya don gajiya, da inda ka mayar da fim baya don ka sake gani. Jiki magayi ne. Waɗannan wuraren su ne ainihin ra'ayinka tun kafin ka san shi. A kallo na biyu ka zo da takarda, ka rubuta minti da abin da ya faru: 23, an yi shiru na tsawon lokaci, 58, nan na fara gundura, 1:40, faɗan nan bai gamsar da ni ba. Layi takwas ko goma sun isa.

Mataki na uku: san masu aikin

Mu mun saba kiran fim da sunan jarumi. “Fim ɗin Rambo”, “fim ɗin Kwamando”, har sunan ɗan wasan ya ɓace, sunan da ya fito da shi ya zama nasa. Ba laifi a hira, amma a sharhi wannan ɗabi'ar takan sa a yabi wanda bai yi aikin ba, a zagi wanda ba shi da laifi. Idan labari ya yi rauni, marubuci za ka tambaya. Idan faɗa ya rikice har ba ka gane wa ke dukan wa, darakta ne da mai tace hoto. Ɗan wasa abin da aka ba shi yake yi.

Ga misalin amfanin wannan. Mutane da yawa sun ce faɗan John Wick na 2014 ya bambanta da na sauran fina-finai, amma kaɗan ne suka iya faɗin dalili. Daraktansa, Chad Stahelski, tsohon mai wasan kasada ne, shi ne ma ya riƙa tsayawa a madadin Keanu Reeves a wuraren haɗari a The Matrix. Mutumin da ya yi shekaru ana wurgi da shi ta taga ba zai yarda a ɓoye wahalar faɗa da yanke-yanken hoto ba. Shi ya sa kyamara take ja da baya, ta daɗe ba a yanke ba, kana ganin jikin mutum tun daga kai har ƙafa. Da ka san wannan, “faɗan ya yi wuta” ya koma magana mai ƙafafu.

Minti biyar sun ishe ka ka nemo sunan darakta, marubuci, mai ɗaukar hoto, mai kiɗa, shekarar fitowa da kamfani. Ka rubuta sunayen daidai. Mai karatu zai yafe maka ra'ayin da bai so ba, amma idan ka kira Warner Bros a fim ɗin Disney, daga nan ya daina yarda da sauran.

Mataki na huɗu: auna kowane fim da mudunsa

Ba a auna gero da ma'aunin zinariya. Tambayar farko ita ce: me fim ɗin nan yake son yi? Ta biyu: ya yi shi? Wanda ya kalli F9 na 2021, na jerin fina-finan Fast & Furious, inda aka harba mota sararin samaniya, ya fito yana cewa “wannan ai ƙarya ce”, gaskiya ya faɗa, amma ba sharhi ya yi ba, domin masu fim ɗin ma sun san ƙarya ce. Abin tambaya shi ne ko ƙaryar ta yi daɗi, ko kuwa ta kai matsayin da ka daina jin tsoron wani abu zai sami jaruman, wanda a ganina shi ne ainihin ciwon jerin fina-finan nan: idan mota ba ta kashe kowa, gudunta ba ya tayar da hankali. Roger Ebert, wanda ya yi sharhin fim a jaridar Chicago Sun-Times daga 1967 har rasuwarsa a 2013, kuma ya zama mai sharhin fim na farko da ya ci kyautar Pulitzer ta aikin jarida a 1975, haka ya riƙa ba da makinsa: fim ɗin jarumai da 'yan uwansa yake gwada shi, ba da fim ɗin tarihi ba.

Akwai kuma musun da yake da daɗi amma ba ya kai wa ko'ina. Tun 1997 masoya Titanic suke gardama kan ko katakon da jarumar, Rose, ta hau a teku zai iya ɗaukar mutum biyu, har daraktansa James Cameron da kansa ya shirya gwaji a cikin ruwan sanyi a wani shirin National Geographic a 2023. Ka yi irin wannan musun da abokai, ka more shi. Amma idan duk sharhinka a kan faɗin katako ya tsaya, ka bar jaki kana dukan taiki. Labarin yana buƙatar rabuwar nan, tambayar ita ce ko sa'o'i ukun da suka gabata sun sa rabuwar ta yi maka ciwo.

Mataki na biyar: tono hujja

Nan ne aikin yake, don haka zan ɗauki fim guda in bi shi: Black Panther na 2018, wanda Ryan Coogler ya ba da umarni. Ya daɗe da fita, kusan kowa ya gani, don haka zan taɓa cikin labarin ba tare da fargaba ba.

Fara da labari, kuma a fim ɗin jarumai ka fara da bos. Mu a al'adar kallonmu bos mugu ne kawai, aikinsa ya yi mugunta a kashe shi a ƙarshe. To ka duba Killmonger, wanda Michael B. Jordan ya fito a matsayinsa. Karonmu na farko da shi yana babba a gidan adana kayan tarihi ne a Landan, yana tsaye gaban kayan Afirka a cikin gilashi, yana tambayar ma'aikaciyar wurin yadda kakanninta suka mallaki kayan. Gidan tarihin na fim ƙirƙira ne, amma ɗan Najeriya ya san me ake nufi: sojojin Ingila sun kwashe kayan tagulla na fadar Benin a 1897, kuma har yau ana ja-in-ja kan dawo da su. Tun a wannan fitowar an sa ka a tsaka mai wuya, domin maganarsa gaskiya ce, kuma kafin a bar ɗakin ya sa an kashe mutane. Daga baya ka gane ɗan sarauta ne da aka kashe ubansa aka bar shi maraya a Oakland. Hujja ke nan: bos ɗin da jarumi ya kayar da shi amma ya ɗauki rabin shawararsa, tunda a ƙarshe Wakanda, ƙasar jarumin, ta buɗe ƙofarta ga duniya.

Sai wasa. Kada ka ce “ya iya aktin” ka tsaya. Ka nemi abin da ɗan wasan ya yi da jikinsa. Chadwick Boseman, wanda ya rasu a watan Agustan 2020, ya yi T'Challa, jarumin fim ɗin, da sanyin murya da tafiya a hankali, irin ta wanda aka haifa a gidan sarauta, bai saba ɗaga murya ba don bai taɓa buƙatar hakan ba. Duk wanda ya taɓa ganin zaman fada ya san wannan nutsuwar. Jordan kuwa kafaɗa a buɗe, magana a gaggauce, kamar kullum a shirye yake a hana shi shiga. Idan ka sa su gefe da gefe, ka ga labarin gaba ɗaya ko da an kashe sauti.

Sai kunne, wanda yawancinmu ba ma amfani da shi a sharhi, alhali nan ne Bahaushe ya fi Ba'amurke dama. Mai kiɗan fim ɗin, Ludwig Göransson, ɗan Suwidin ne, ya je Senegal ya yi aiki tare da mawaƙi Baaba Maal. Idan T'Challa ya bayyana za ka ji gangar tama, ƙanwar kalangunmu, mai matsewa a hammata tana magana. Idan Killmonger ne, sai sarewar Fulani a cakuɗe da bugun kiɗan zamani na Amurka, wato ɗan gida da ya tashi a waje. Wanda ya girma yana jin kalangu yana kiran sunan mutum a biki zai gane abin da ake yi nan take. Ka rubuta wannan. Mai sharhi a Los Angeles sai ya yi bincike kafin ya gano shi, kai kuwa a kunnenka yake. Kiɗan ya ci Oscar, haka ma suturar da Ruth E. Carter ta tsara, da tsarin wuraren da Hannah Beachler ta yi.

Sai ido, kuma a nan ne zan yi suka. Faɗan ƙarshe a kan titin jirgin ƙarƙashin ƙasa bai kai ba. Mutum biyu cikin kaya iri ɗaya, a duhu, fuska a rufe, yawancinsa haɗin kwamfuta. Jikinsu ba shi da nauyi, kamar wasan gem. Ka gwada shi da kokawar gadon sarauta a bakin ruwa, inda jiki yake tsirara daga ƙugu, jama'a suna kewaye, ana jin kowane naushi kamar filin dambe. Fim ɗaya ne, jarumai ɗaya, amma ɗaya ya kama zuciya ɗaya bai kama ba, kuma yanzu kana iya faɗin dalili.

Akwai kuma fitowar da aka rubuta mata Dajin Sambisa, Najeriya, inda Nakia, wato Lupita Nyong'o, ta saje cikin matan da aka sace. Dajin da aka nuna mai duhuwar bishiyoyi ne, ya fi kama da kurmi, mutumin Borno kuwa ya san ƙasarsu ba haka take ba. Yawancin fim ɗin a jihar Jojiya ta Amurka aka ɗauka. Sannan ciwon da har yanzu iyalai suke ɗauke da shi an mayar da shi wurin gwajin ƙarfin jarumi na 'yan mintuna. Wani zai ce ai an tuna da mu ne. Wani zai ce an yi ado da hawayenmu. Ko wanne ka ɗauka, ka faɗe shi, domin irin abin da kai kaɗai za ka kawo teburin ke nan.

Mataki na shida: matse shi ya koma jimla ɗaya, sannan ka rubuta

Yanzu kana da tarin abubuwa, kuma jarabar ita ce ka zuba su duka. Kada ka yi. Ka tambayi kanka: idan a kan babur nake, abokina yana gefen titi, me zan faɗa masa kafin in wuce? Misali: “Bos ɗin ya fi jarumin hujja, shi ya sa fim ɗin ya zauna a rai, duk da faɗan ƙarshe ya yi sanyi.” Wannan ita ce ƙashin bayan sharhinka. Duk abin da bai taimaka mata ba, ajiye shi don wata rana.

Ka buɗe da ra'ayin ko da fitowar da ta fi kama ka. Labarin fim kuwa layi uku ya ishe shi: wane ne, me yake nema, me ya tare masa hanya. Babbar cutar sharhinmu ita ce ba da labari tun daga farko har ƙarshe, “sai ya shiga mota, sai suka biyo shi, sai ya yi tsalle”, a ƙarshe a ce fim ya yi kyau. Wannan tatsuniya ce, kuma ta kashe wa mutum kallo. Bayan layi ukun, kawo hujja biyu ko uku daga takardarka, mafi ƙarfi a farko. Ka faɗi abu ɗaya da bai yi maka ba ko da kana son fim ɗin, ko abu ɗaya da ya yi kyau ko da ka tsane shi. Wanda bai taɓa ganin aibi a abin da yake so ba, maroƙi ne.

Kada ka fasa ƙwai. Mutuwar babban jarumi, asirin da aka ɓoye sai ƙarshe, baƙon da ya bayyana bayan an gama rubutun sunaye, duk waɗannan ba naka ba ne da za ka raba. Kafin fitowar Avengers: Endgame a 2019, daraktocinsa 'yan uwan juna, Anthony da Joe Russo, sai da suka fitar da wasiƙa suna roƙon masoya su riƙe bakinsu, domin mutane sun bi labarin ne tun daga 2008, fim 21 kafin wannan. Idan hujjarka tana buƙatar ƙarshen fim, raba sharhin biyu, ka yi gargaɗi a fili kafin kashi na biyu. Kuma ka tuna a wurinmu fim yakan iso a makare. Abin da ya tsufa a Amurka wataƙila jiya ya shigo memorin maƙwabcinka.

Mataki na bakwai: alƙaluma, da yadda ake karanta su

Da musu ya yi zafi sai wani ya zaro waya ya ce, “Ai kashi 90 aka ba shi.” Yawanci bai san me lambar take nufi ba. A Rotten Tomatoes, shafin intanet mai tattara sharhin fina-finai, kashi 90 ba maki 90 cikin 100 ba ne. Ma'anarsa masu sharhi 90 cikin kowane 100 sun ce fim ɗin ya fi kusa da kyau a kan muni. Fim ɗin da kowa ya ce “ba laifi” zai iya samun kashi 95, wanda kuwa ya raba kan mutane, rabi suka haukace a kansa rabi suka ƙi shi, ya tsaya a 55. Daga kashi 60 ne ake ba da jan tumatir, alamar fim ya samu karɓuwa. Na shafin IMDb kuwa makin jama'a ne daga 1 zuwa 10, kowa mai rajista yana iya jefawa, ko ya kalla ko bai kalla ba. A binciken CinemaScore, mutanen da suka fito daga silima a daren farko ake tambaya, su ba da daga A+ zuwa F; tunda masu zuwa daren farko masoya ne, fim ɗin jarumai da ya samu B ma alama ce ta akwai matsala.

Ana kuma yi wa lambobin nan taron dangi. Kafin Captain Marvel ya fito a watan Maris na 2019, wasu da suka ji haushin kalaman jarumar, Brie Larson, suka yi ta zuba masa munanan ra'ayoyi alhali babu wanda ya gan shi. Hakan ya zo daidai da lokacin da Rotten Tomatoes ta rufe damar yin tsokaci kafin fim ya fito, daga baya a shekarar ta fara tantance waɗanda suka sayi tikiti da gaske. Idan ka ga masu ba da 1 da masu ba da 10 sun fi na tsakiya yawa, yaƙi ake yi, ba sharhi ba.

Kuɗin tikiti ma ba shaidar kyau ba ne. Avatar na 2009 ya tara kusan dala biliyan 2.9, wannan ya nuna mutane sun je, bai nuna me suka ji ba. The Shawshank Redemption na 1994 an kashe masa dala miliyan 25, zagayensa na farko a silima bai wuce kimanin miliyan 16 ba, an sa shi takarar Oscar bakwai bai ci ko ɗaya ba. Kaset ɗin haya da talabijin ne suka raya shi, har ya shafe shekaru a saman jerin fina-finai 250 na IMDb. Sannan idan za ka ce fim ya ci riba, ka sani gidajen silima suna riƙe kusan rabin kuɗin tikiti, kuma kuɗin talla ba ya cikin adadin da ake cewa an kashe. Shi ya sa 'yan harkar suke ƙiyasin sai fim ya ninka kuɗinsa sau biyu ko fiye kafin a fara maganar riba. Oscar kuwa ƙuri'ar ma'aikatan fim ce, mutum kimanin dubu goma, ba ta masu kallo ba. Ka kawo lamba idan tana ƙara haske, amma kada ta zama ita ce hujjar.

Mataki na takwas: faɗa wa mutum da wa zai iya kallo

Wannan mai sharhin Amurka ba zai yi maka shi ba. Tun 1968 ƙungiyar kamfanonin fim ta Amurka take ba fina-finai tambari: G da R, sai PG da aka ƙaro a 1972, PG-13 a 1984, da NC-17 a 1990. PG-13 gargaɗi ne ga iyayen yaran da ba su kai shekara 13 ba, R kuma na nufin ɗan ƙasa da shekara 17 sai da babba. Amma ma'aunin nasu ne, ba namu ba. Titanic PG-13 ne, kuma duk wanda ya taɓa kallonsa a falo tare da iyayensa ya san yadda ake neman rimot a gigice. Layi ɗaya ya isa: “Wannan na kallo da yara ne”, ko “Akwai wuri biyu da za ka tsallake”, ko “Kada ka kunna shi gaban surukai.” Ba wa'azi za ka yi ba, bayani ne, kuma sau da yawa saboda wannan layin kaɗai uwar gida za ta riƙa neman sharhinka.

Mataki na tara: idan an ce labarin gaskiya ne

Hollywood tana ɗaukar tarihi ne kamar yadda tela yake ɗaukar yadi, ta yanke inda take so. The Woman King na 2022, wanda Viola Davis ta ja, ya nuna mayaƙan mata na Dahomey, a ƙasar Benin ta yau, a 1823 zamanin Sarki Ghezo, suna yaƙi da Oyo. Mayaƙan gaskiya ne, yaƙin ma an yi. Amma fim ɗin ya karkata ga nuna masarautar tana shirin juya wa cinikin bayi baya, alhali Ghezo ya ci gaba da shi shekaru da dama har Ingila ta matsa masa lamba. Tears of the Sun na 2003 kuwa labarin ƙirƙira ne da aka ɗora a kan Najeriya, aka ɗauke shi a Hawaii, aka mayar da Fulani Musulmi mugayen labari, sojan Amurka mai ceto. A irin waɗannan ka raba hukunci biyu: yadda fim ɗin yake a matsayin fim, da yadda ya yi da gaskiya. Fim yana iya cin ɗaya ya faɗi ɗaya, kuma ka faɗi duka biyun.

Mataki na goma: bayan ka saki maganarka

Za a yi maka ca. Wanda ya zo da fitowa, ka amsa masa da fitowa. Wanda ya zo da zagi, ka bar shi da mai shayi. Muryar masoya tana da ƙarfi fiye da yadda ake zato: da tallan Sonic the Hedgehog ya fito a watan Afrilun 2019, mutane suka yi ta ƙorafi kan surar dabbar, musamman haƙoranta masu kama da na mutum, har kamfanin Paramount ya ɗage fim ɗin daga Nuwamba zuwa Fabrairun 2020 aka sake zana ta. Ƙorafi ne a kan aiki, mai nuna takamaiman abu, kuma ya yi amfani. Amma wannan ƙarfin ne aka juya kan Kelly Marie Tran bayan fitowarta a Star Wars na 2017, aka bi ta da cin mutunci kan launinta da surarta har ta goge hotunanta na Instagram a 2018. Ita ba ta rubuta labarin ba. Ka soki rawar, ka bar mutum.

Idan bidiyo kake yi, ka yi hattara da yanko fim. Kamfanonin nan suna da na'urar da ke gano hotonsu da kiɗansu a YouTube da Facebook, za a iya toshe bidiyon ko a karɓe kuɗin tallansa. Hoto maras motsi, ko 'yan daƙiƙu daga tallan fim tare da muryarka a kai, sun fi aminci a kan ɗora fitowa sukutum.

Idan kuma aka kama ka da kuskure, gyara a inda ka yi shi, kada ka goge a ɓoye. Sharhin nan nawa na fim mai duhu har yanzu yana nan. Na ƙara layi biyu ne a ƙasansa, na ce kwafin silima na kalla, hasken fim ɗin lafiyarsa ƙalau, amma maganata kan raunin labarin tana nan daram, ga kuma minti na 58 ga mai son ya duba.